Shin Tsantseni Ne Ƙaurace wa Gwanjo?

Daga cikin mas'alolin da ke tasowa a zaurukan malamai na ƙasar Arewa ta Nijar, tun daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Geceme, akwai wadda ba ta tsufa, domin kowace shekara talauci da bashi suna sabunta ta. Mutum ne ya ci bashi ya kasa biya, hukuma ta ɗora hannu a kan abin da ya mallaka, babur ne ko shanu ko kanti ko gidan da yake kwana, aka yi shela cewa ranar kaza za a yi gwanjonsa. To, shin ya halatta ga Musulmi mai tsoron Allah ya je ya taya, ya saya, ya tare da iyalinsa a gidan da aka fitar da wani? Dattawa sukan ce kayan da aka rabu da su da hawaye ba su da albarka, kuma mutumin kirki ba ya gina arzikinsa a kan karayar ɗan'uwansa. 'Yan kasuwa kuwa sukan ce faɗuwar wani tashin wani, tun da alƙali ya sa hannu ai magana ta ƙare. Kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya ya saki wani, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in nuna cewa ƙauracewar mutanen kirki daga wurin gwanjo, wadda suke ɗauka tsantseni ce, ta fi halartarsu cutar da mai bashin da suke tausayi.

Kafin mu buɗe littattafai, wajibi ne mu yi wa dattawanmu adalci, mu gane inda wannan ƙyama ta samo asali. A wannan ƙasa ta Dallol Mauri, tun zamanin da Gubawa suka sari daji, Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji, kafin Arawa su kafa sarauta a Matankari, ba a san ƙasa da zama hajar kasuwa ba. Wanda ya fara saran daji shi ke da ita, 'ya'yansa su gada, baƙo in ya zo a ba shi aro ya noma, wanda ya matsu ya jinginar har Allah ya hore masa ya fansa. Gida kuma a idon Ba'are wuri ne da aka binne cibiyarsa, inda aka yi sunan 'ya'yansa, inda aka fitar da gawar iyayensa. Musulunci ya zo ya tarar da wannan kunya, bai rushe ta ba, sai ma ya ƙarfafa ta da haƙƙin maƙwabtaka da na zumunci. Saboda haka mutumin da ya ji nauyin ya tsaya a bainar jama'a yana ɗaga hannu a kan gidan wanda suke sahu ɗaya a masallaci, bai cancanci a yi masa dariya ba, kunyarsa ta gado ce, kuma kunya reshe ce ta imani.

Sai dai kunya daban, hukunci daban. Cinikin gwanjo, wanda malaman fiƙihu ke kira bai'ul muzayada, halal ne a wurin jumhurun malamai, kuma hujjar da suka fi kafawa ita ce hadisin Anas ɗan Malik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da wasunsu suka ruwaito, ko da yake wasu masana hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Wani mutum daga cikin Ansaru ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo, aka tambaye shi abin da yake da shi a gida, ya ce wani mayafi ne mai kauri da ƙoƙon shan ruwa. Da aka kawo su, Annabi ya riƙe su da hannunsa mai albarka ya nemi mai saye, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙarawa, wani ya ba da dirhami biyu, aka sallama masa. Aka umarci mutumin ya saya wa iyalinsa abinci da ɗaya, ya sayi gatari da ɗayan, ya tafi saran itace, bayan kwana 15 ya komo da dirhami 10. Imamu Buhari ya ware wa wannan ciniki babi a cikin Sahihinsa, ya kawo a ciki cewa Aɗa'u ya tarar da mutane ba sa ganin laifi a sayar da ganima ga wanda ya fi tayi. A zamaninmu ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai cikin 1993, ta tabbatar da halaccinsa da sharuɗɗansa.

Mai karatu zai iya cewa, ina muka baro hanin da aka yi ga mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa? Imamu Malik ya warware wannan a cikin Muwaɗɗa, Ibn Abi Zaid kuma ya bi shi a cikin Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani: hanin yana aukuwa ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye, magana ta kusa ƙullewa, saura sallamawa da ƙirga kuɗi, amma muddin kaya na tsaye a kasuwa ana neman mai ƙarawa, babu laifi ga kowa ya ƙara. Dalilin da Imamu Malik ya bayar shi ne ginshiƙin wannan maƙala tawa, domin ya nuna cewa da za a hana mutane tayi da zarar na farko ya buɗe baki, da an riƙa karɓe kayan mutane da ƙasƙantaccen farashi, cuta ta auka wa masu sayarwa. Ashe ke nan dalilin halaccin gwanjo maslahar mai kaya ce. An buɗe ƙofar ƙari ne domin kayan matalauci su kai ƙimarsu, kamar yadda mayafin mutumin nan na Ansaru ya tashi daga dirhami ɗaya zuwa biyu, dirhamin nan na biyu kuwa shi ya zama gatarin da ya raba shi da roƙo.

Wanda ya karanta babin taflisi, wato karayar mai bashi, a Muhtasar na Shehu Halil zai ga wannan hikima a kowane layi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda alƙali ya hana muflisi tasarrufi, ya sayar da dukiyarsa ya raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙinsu, saɓanin Imamu Abu Hanifa wanda bai ga a sayar wa baligi mai hankali kayansa ba da izininsa ba. Hujjarmu kuwa akwai abin da Sayyidina Umar ya yi da Usaifi'u, mutumin Juhaina, wanda ya riƙa sayen raƙuma da tsada a kan bashi domin ya riga alhazai isa, har ya karye, Umar ya yi shela masu binsa su zo a raba musu dukiyarsa. Amma a dubi yadda aka kewaye wannan sayarwa da kariya. An so a yi ta a gaban mai kayan. Bayan an sallama, alƙali yana da zaɓi na kwana 3, ko wani zai zo da tayin da ya fi. Dabba a gaggauta sayar da ita tun da tana ci tana ramewa, amma gida da gona a jinkirta kamar wata 2 ana shela, domin labari ya kai ga duk mai bukata. A bar wa muflisi abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu ta wajaba a kansa har lokacin da ake zaton zai samu, a bar musu suturar da aka saba, kuma malamai sun yi taraddudi a kan kayan aikin mai sana'a, ko a sayar ko a bar masa. Duk waɗannan ƙa'idoji manufarsu ɗaya ce, a tara masu saye da yawa, a ba su lokaci, domin a sauke wa mutum bashi ba tare da an tsiyata shi ba.

Dokar da kotunan Nijar ke aiki da ita a yau ta fito ne daga ƙungiyar OHADA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, aka fitar da kundin karɓar bashi da zartar da hukunci a 1998, aka yi masa gyara a 2023. Ba shari'ar Musulunci ba ce, ba ta kuma yi da'awar haka ba, amma mai adalci zai ga wurare da ta yi kusa da abin da fuƙaha'u suka tsara. A kundin 1998, wanda ba ya riƙe da jinginar gida ba ya taɓa gida sai kayan ɗauka sun gaza biyan bashin. Alƙali yana da ikon jinkirta wa mai bashi har shekara guda. Idan kayan ɗauka ne aka kama, mai su yana da wata guda ya nemi mai saye da kansa kafin a kai su gwanjo. Gida kuwa sai mai takardar mallaka ta hukuma, ko wanda aka fara yi wa rajista, kuma a gaban kotu mai cikakken hurumi ake bin sha'aninsa, irin babbar kotun Doso. Ranar gwanjo akan kunna kyandira ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ci kamar minti guda, ba a sallamawa sai uku sun mutu; bayan an sallama ma, duk wanda ya zo cikin kwana 10 da ƙarin da ya kai kashi ɗaya bisa goma na farashin, za a sake buɗe ciniki. Wannan shi ne ɗan'uwan zaɓin kwana 3 da ke cikin littattafanmu.

To amma akwai ƙa'ida biyu a wannan kundi da nake roƙon masu tsantseni su tsaya su yi musu tunani. Ta farko, mai bin bashi shi ke yanka farashin da za a buɗe gwanjo da shi, doka dai ta hana shi ya sauka ƙasa da rubu'in ƙimar gidan. Ta biyu, idan kyandiran nan suka mutu babu wanda ya taya, mai bin bashin shi ake sallama wa gidan a kan wannan farashi na buɗewa. A ƙaddara wani bawan Allah yana da gida a bakin kwalta a Kore Mairuwa, ƙimarsa miliyan 8 na sefa, ana binsa miliyan 3, aka buɗe gwanjo da miliyan 2. Alhazan garin duka suka ce subhanallahi, mu ba ma shiga gidan maƙwabci, kowa ya zauna a zaurensa yana jan carbi. Aka wayi gari gida ya tafi a miliyan 2, mai shi ya fita da tabarmarsa, kuma har yanzu miliyan guda na wuyansa, ban da kuɗin shari'a. Da a ce mutum huɗu ko biyar masu tsoron Allah sun halarta, kowa ya taya abin da ya san gidan ya kai, har aka sallama a miliyan 7, da an biya bashi, ya tashi da abin da zai sayi fili a bayan gari ya kafa wa 'ya'yansa rumfa. Wane ne ya ji ƙansa a cikin waɗannan biyu? Tsantseni na gaskiya shi ne barin abin da ake shakka domin tsoron cutar da kai a lahira ko cutar da wani a duniya; barin da zai kuɓutar da sunan mutum daga bakin jama'a alhali ɗan'uwansa yana nutsewa, wannan ya fi kusa da tsoron mutane.

Laifin da ke cikin gwanjo yana wani wuri dabam, kuma iri biyu ne. Na farko najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da nufin saye ba, sai domin ya ruɗi wani ya saya da tsada. Annabi ya hana shi a hadisin Ibn Umar, kuma a mazhabarmu wanda aka ruɗa yana da zaɓin mayar da kaya idan da sanin mai sayarwa aka yi. Na biyu kishiyarsa ne, kuma shi ya fi yi wa mai bashi illa, wato masu saye su haɗa baki kafin a fara, su ce wane kai za ka ɗauka, mu za mu yi shiru, in an tashi ka sallame mu. Shehu Halil ya halatta mutum ya roƙi wani daga cikin mahalarta ya bar masa, amma ya hana a roƙi dukkansu, masu sharhi kuma suka haɗa da roƙon wanda sauran ke bin bayansa, irin shugaban kasuwa, domin shirunsa shirun kowa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ya ga yadda dillalai ke iya kewaye baƙon makiyayi, ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Kuɗin da ake rabawa bayan irin wannan shiru, daga aljihun mai bashi aka zare su, ko da kuwa takardar kotu tana da hatimi goma. Hukuncin alƙali yana zartuwa a zahiri, ba ya halatta abin da ya haramta a baɗini. Su kuma waɗannan masu haɗa baki ba abin da suke so kamar mutanen kirki su ƙaurace, domin mutum ɗaya mai gaskiya da ya ƙi shiga yarjejeniyarsu ya isa ya rushe ta.

Ban ce kowane gwanjo ne za a ruga a taya ba. Akwai inda ƙauracewa take zama wajibi, kuma gane wurin nauyi ne a kan mai saye, ba a kan mai shela ba. Fuƙaha'unmu sun bambanta tsakanin wanda aka tilasta wa sayarwa tilasci na shari'a, kamar mai bashin da ya tabbata, da wanda aka tilasta wa bisa zalunci, wanda suke kira malguɗi, kuma Ibn Asim ya yi masa fasali a Tuhfatul Hukkam. Wannan na biyu cinikinsa ba ya lazimtarsa, kayansa nasa ne, mai saye da sani abokin azzalumi ne. Haka nan gidan gado da ba a raba ba: mutum ɗaya ya ci bashi, amma a cikin gidan akwai rabon ƙannensa mata da ke aure a Yamai ko Sakkwato, akwai na marayun ɗan'uwansa. Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato fifikon karɓar rabon da aka sayar, dokar OHADA ma ta hana a sayar da rabon mutum a kadarar tarayya kafin a raba. Tun da aka kafa dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta daidaita mallakar gargajiya da ta takarda, akwai kwamitocin ƙasa a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, masu ba da shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Wanda ya ƙi taka ƙafa ya tambaye su, ya tambayi maigari da dattawan unguwa, don kada ya ji abin da zai hana shi araha, jahilcinsa na ganganci ne, ba ya zama uzuri. Haka kuma dabbobin da aka kama cikin gonaki da damina aka tsare a turken hukuma: kafin mutum ya taya, ya bincika ko an yi cigiya ta haƙiƙa, domin sau da yawa mai su makiyayi ne da ke nesa, hukuncin tsintuwa kuwa ba wasa ba ne.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta bashin banki mai ruwa. Uwar kuɗi haƙƙi ce, Alƙur'ani ya tabbatar wa mai ita da ita a ƙarshen Suratul Baƙara, a wurin da ya haramta riba, ya kuma umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ruwan da aka ɗora kuwa ba haƙƙi ba ne. Gidan da aka sayar domin a biya su biyun, an sayar da shi ne a kan gaskiya gauraye da ɓata, shi ya sa malaman zamani suka saɓa, wasu suka hana saye, wasu suka halatta. Abin da nake gani, kuma Allah ne mafi sani, shi ne ƙauracewa ba ta sauke wa mai bashi ko dala ɗaya daga ribar, gidan zai tafi ko an je ko ba a je ba, mafita kuwa tana hannun mai gidan kansa. Mai niyyar saye ya je ya same shi da dare, ba tare da 'yan rakiya ba, ya ce masa, Malam, na ji abin da ya faru, Allah ya kawo sauƙi. In akwai hanyar da za ka tsira da gidanka, ni ba ni cikin masu taya shi, in kuwa babu makawa, ka yarda in shiga in ba da abin da ya kai? Idan ya ce gara kai da wani, to an sami yardar da Suratun Nisa'i ta sa ta zama sharaɗin cin dukiyar juna ta hanyar ciniki. Idan ya ce ka bari, ina da ƙarar da na ɗaukaka, ko dangi na tara mini, sai a bari.

Kada kuma mu manta da gwanjon da ba a kaɗa masa ƙararrawa, wanda ya fi na kotu yawa a ƙauyukanmu nesa ba kusa ba. Waɗanda suka ga yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, da ta 2005, sun ga yadda saniya ta koma ba ta sayen hatsin da ta saba saye, sun ga gonakin da suka sauya hannu a kan 'yan buhunan gero. Babu alƙali a wurin, babu kyandir, babu kwana 10 na ƙari, sai mai bukata da mai hali su biyu. Zahirin fiƙihu ya inganta cinikin wanda yunwa ta matsa, domin in an hana saye daga gare shi an ƙara masa ƙunci, wannan kuwa ita ce hujjar da na kafa tun farko. Amma ingancin ƙulli bai ɗauke wa mai saye tambayar ranar hisabi a kan farashin da ya bayar ba. Wanda ya saya a irin wannan hali, ya biya ƙimar shekarar wadata gwargwadon ikonsa, in kuma mai gonar ya dawo bayan kaka da kuɗi a hannu yana neman a warware, ya tuna falalar iƙala da ta zo a hadisi.

Saura kira ga waɗanda abin ke hannunsu. Kundin 1998 ya wajabta a buga sanarwar gwanjon gida a jarida, a manna ta a ƙofar kotu da ta mai bashi, tsakanin kwana 30 da kwana 15 kafin ranar; amma takarda ce da Faransanci, mutanen da ke da kuɗin saye a Dan Kasari ko Dumega kuwa da yawansu ba ta hanyar jarida labari ke isa gare su ba. Ina roƙon hukumomi su riƙa sa a karanta irin wannan sanarwa da Hausa a gidajen rediyon karkara da ranakun kasuwa. Ina roƙon limamai su karantar da babin taflisi da na najashi kamar yadda suke karantar da na alwala, su kuma tuna wa mawadata cewa masu bashi suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka, ta yadda gidaje da yawa ba za su kai ga gwanjo ba tun farko. Kai kuma ɗan'uwa mai hali, in ka ji an yi shelar kayan wani, ka bincika asalin bashin, ka nemi yardar mai kayan, sa'an nan ka je da rana tsaka ka taya abin da ka san sun kai, kada ka karɓi ko sisi daga wanda ya ce ka yi shiru.